Hankakin da suka haddace fuskata

Duk wanda ya ce maka farautar hankaki abu ne mai sauƙi, ranar farko kawai ya fita. A ranar farko kam suna zuwa. Na ɗaure mujiyar roba a kan reshe, na kunna kukansu a ƙaramar lasifika, na shige cikin ciyawa, sai ga su sun yo ca a kanta. Dama hankaka da mujiya ba sa ga maciji: ita tana farautarsu da dare, su kuma in suka gan ta da rana sai su taru su kore ta. Na kayar da 'yan kaɗan ba tare da wata wahala ba.

Abin da ya biyo baya ne har yau yake ci mini rai. Na fito daga maɓoyata fuska a buɗe, na tsince waɗanda suka faɗi, na riƙo su ta ƙafa. Sauran ba su tafi ba. Suna can ƙololuwar bishiyoyi inda harsashi ba zai kai ba, suna ta kururuwa suna kallona. Na ɗauka makoki suke yi, ashe karatu suke ɗauka.

Tun daga ranar, kafin in gama rufe ƙofar mota mai gadinsu ya yi kira, duk sun tashi. Mai gonar kuwa zai wuce ta ƙarƙashinsu da fartanya a kafaɗa, ko gezau ba sa yi. Na sauya riga, na sauya hula, na ajiye motar nesa na tako da ƙafa, duk a banza. Mujiyar ma sun daina kula ta, sai su zaga sau ɗaya can sama su yi gaba.

Daga baya na ci karo da aikin John Marzluff na Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka. A 2006 shi da mutanensa suka sa wata fuskar roba suka kama hankaki, suka sa musu zobe a ƙafa suka sake su. Bayan haka duk wanda ya sa wannan fuskar sai hankaki su bi shi da tsawa, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba, kuma an ɗauki shekaru ana haka. A 2015 ɗalibarsa Kaeli Swift ta nuna cewa in suka ga mutum riƙe da mataccen hankaka, sukan riƙe fuskarsa har tsawon makonni shida. Wato daidai abin da suka gan ni ina yi ke nan, da rana tsaka, kowa na kallo.

Saboda haka in za ka fita, ka rufe fuskarka, hannu ma kada ya yi ƙyalli. Ka shiga maɓoya tun da sauran duhu. Kada ka maimaita wuri ɗaya da kuka ɗaya. Amma duk waɗannan ƙanana ne. Babban shi ne kada ka taɓa wanda ya faɗi muddin akwai ko ɗaya a sama, ko da jiran zai kai ka har rana ta take.

Akwai tsohuwar dabarar nan ta a shiga maɓoya mutum biyu, ɗaya ya fito ya tafi, wai sai su ɗauka ba kowa. Mun gwada ta ni da mai gonar. Ya fita yana tafiya a hankali don su gan shi sosai, ni kuma na kasa ko tari. Ba wanda ya sauko. A Jami'ar Tübingen ta Jamus an koya wa hankaki yin kuka sau ɗaya zuwa sau huɗu daidai da adadin da aka nuna musu, an wallafa binciken a 2024. Mu kuwa muna can muna ƙoƙarin ruɗa su da biyu a cire ɗaya.