Abin da na koya a ɗakin gashin ciwon kansa

Da na raka gwaggona gashin kansar bakin mahaifa, wato ƙona kansar da hasken na'ura, sai da aka fara yi mata ƙarin jini. Na ƙagu, na ce likita, ba gashi muka zo ba? Ta zaunar da ni ta yi mini bayani.

Ashe hasken gashin ba ya cin ƙari, wato kumburin kansar, sosai sai da iskar oksijin, wadda jini ke kai masa. Hasken yana farfasa ƙwayar halittar kansar, oksijin kuma shi ke hana ɓarnar gyaruwa. To ƙarin yana girma da sauri har ya fi ƙarfin jijiyoyin da ke kai masa jini, cikinsa ya shaƙe. Ƙwayoyin da ke can ciki kan buƙaci haske kusan ninki 3 kafin su mutu. Tun 1953 wani masanin kimiyya mai suna Gray da abokan aikinsa a Ingila suka nuna haka, a shekarun 1990 kuma likitoci a Jamus suka auna oksijin cikin ƙarin kansar bakin mahaifa na mata, suka ga masu ƙarancinsa ciwon ya fi dawo musu.

Yanzu masu bincike na duba alamomi a ɗan naman da aka yanko daga ƙarin, irin su sinadaran furotin HIF-1 da CA9, masu ƙaruwa idan ƙari ya shaƙe.

Abin da ya fi damuna, gwaggo ta daɗe tana zubar jini tana ɓoyewa saboda kunya, tafin hannunta fari fat. Likitar ta ce ƙarin jini ba ya buɗe ƙarin da ya riga ya shaƙe, taimako kawai yake. Allah Ya ba ta lafiya.