Igiyar Faluka a Aswan

Kwana uku ke nan da dawowata daga Masar, amma har yanzu tafin hannuna na dama zogi yake, kuma igiyar jirgin ruwa ce ta jawo. Tafiyar jirgin ƙasa daga Alƙahira zuwa Aswan ba ta da wani labari: dare guda cur, sanyi kamar a firiji, da wani mai duba tikiti da ya daka mini tsawa kamar na ci bashinsa.

Ina isa bakin Nilu masu jirage suka yi mini caa. Faluka suke ce wa jiragen nasu. Ba inji, sai doguwar sanda a tsaye da farin ƙyalle mai kusurwa uku wanda suke kira shira'i. Na zaɓi wani dattijo mutumin Nubiya, baƙi kamar ɗan unguwarmu. Ya ce fam dubu, kuɗin Masar. Na yi masa irin cinikin kasuwar kifi ta Yawuri, har da juya baya, muka daidaita a rabi. Duk da haka an cuce ni, na sani.

Yaronsa ya tuɓe silifas, ya haye sandar kamar mai hawan giginya, ya kwance ɗaurin. Ƙyallen ya warware yana ta fat-fat-fat. Rayyis, haka ake kiran mai jirgi, ya jawo igiyar da ke ɗaure a sandar ƙasa, wadda ke kwance a gindin ƙyallen, sai ƙyallen ya yi ciki kamar babbar riga ranar iska. Jirgi ya zabura. Ba hayaƙi, ba ƙara, sai motsin ruwa. Mu a gida ko dai ka ci wuya da gora da filafili, ko inji ya cinye ribarka a fetur.

Ashe Allah ya yi wa mutanen nan gata biyu. Ruwan Nilu arewa yake gangarawa, iska kuwa yawanci daga arewa take busowa. In kudu za ka, iska na bayanka, sai ka sassauta igiya ka miƙe ƙafa. A dawowa ne ake gane gwani, don iska a fuska take. Nan rayyis ya saukar da wani farantin ƙarfe ta tsakiyar jirgin don kada iska ta ture mu gefe, ya jawo ƙyallen kusa, muka riƙa yankan kogin a karkace daga wannan gaɓa zuwa waccan.

"Riƙe, ya Hajji," in ji shi, ya miƙo mini igiyar. Ni kuma na finciko da ƙarfina duka. Jirgi ya kwanta gefe guda, ruwa ya lashi bakinsa, ban san lokacin da na fara salati ba. Tsohon nan dariya kawai yake, yana cewa shwayya shwayya, wato sannu-sannu. Sai ya nuna mini: ka saki har bakin ƙyallen ya fara rawa, sannan ka ja kaɗan har ya yi shiru, ka tsaya nan. Da tafin hannu ake jin iskar. A juyi na uku na manta ban sunkuya ba, sandar ƙasa ta share mini hula, zanna bukar sabuwa dal, ta bi ruwa.

Don ya rarrashe ni ya dafa karkade a ɗan risho. Na kurɓa, ashe zoɓonmu ne, sai dai su har da zafi suke sha. Na ciro kuɗi ya ƙi karɓa, a garin da ko hanya aka nuna maka sai an nemi bakshish, wato tukuici.

Mun zaga tsibirin Elefantin, na hango kabarin Aga Khan, wani shugaban 'yan Isma'iliyya, a kan tudun yashi. Washegari aka kai mu babban dam ɗin da aka kammala a 1970, sannan Luksor, rana da 'yan talla. Hular da na sa na dawo Kano, a can na saya, kuma ta matse ni.