Motoci 18 a mako: in ɗauki ma'aikaci ko in ba da jinga?

'Yan uwa masu koyon wannan sana'a, barkanmu da war haka. Kwana biyu ban sanar da ku inda na kwana ba, aiki ne ya sha kaina. Wata 14 ke nan da na fara bin motocin mutane har inda suke ina wanke su ciki da waje, ina goge fenti, da 'yar motata mai ɗauke da tankin ruwa na lita 200, janareta, injin feshi da na zuƙar ƙura. A watan jiya wani kamfani ya ba ni kwangila: motocinsu 18, a wanke kowacce sau ɗaya a mako a filin da suke ajiye su, sannan duk bayan wata uku a yi babban aiki, a wanke kujeru da kafet, a goge fenti.

Na yi murna ƙwarai, daga baya na zauna da biro da takarda. Wankin mota ɗaya yadda ya kamata yana cin mini kusan awa guda, ga shi motocin kwana biyu kacal suke tsayawa a mako. Tankina ba ya wuce mota shida, kuma kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, ba zan labta wa motar abin da ya fi ƙarfinta ba. Hannu biyu ba za su iya ba. Ko dai in ɗauki ma'aikaci, ko in yanki wani ɓangare in ba wani mai sana'ar jinga.

Da farko zuciyata ta karkata ga jinga. Mai jinga yana zuwa da kayansa da ruwansa, ya yi, a sallame shi. Shi kuwa albashi ba ya jira, alhali kamfanin sai bayan kwana 30 da miƙa takardar biya yake biya.

Sai na gwada. Na ba wani da ya riga ni daɗewa a harkar motoci uku, ɗaya baƙa ce. Hannunsa da sauri, kafin in gama biyu ya gama nasa. Daga nesa sai walƙiya suke. Da na ɗauko tocila na haska murfin gaban baƙar a karkace, sai gabana ya faɗi: siraran zane-zane ne zagaye da hasken, kamar saƙar gizo-gizo. Na san motar, makon da ya wuce babu su. Na duba kayansa, bokiti ɗaya ne, kuma tsumman da ya bi wili da shi, shi ya hau bodi da shi. Ƙurar birki ɓarɓashin ƙarfe ce, idan ta maƙale a tsumma ta zama yashi a kan fenti.

Ina so sabbin shiga su riƙe wannan da kyau. Shafin nan mai ƙyalli da ke saman launin mota kaurinsa bai cika wuce maikuron 40 zuwa 50 ba, silin gashin mutum ya fi shi kauri. Duk lokacin da muka sa injin goge fenti don kawar da zane, wannan shafin muke kankarewa kaɗan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Shi ya sa muke wahalar da kanmu da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, da raga a ƙasan bokitin don datti ya kwanta, da na uku daban na tayoyi. Mota 18 sau 52 a shekara, da irin wancan wankin, fentin zai dusashe kafin kwangilar ta ƙare, kuma sunana ne a takarda.

Na yi masa magana cikin girmamawa. Ya ce masu ba shi aiki ba su taɓa kuka ba, kuma na yarda da shi. A nan na gane cewa mai jinga sakamako yake sayar maka, yadda yake aikinsa nasa ne. Idan na fara gindaya masa lokacin zuwa, irin tsumma, da ta inda zai fara, to ma'aikacina ne ya zama, suna ne kawai ya bambanta. A ƙasashe da yawa dokar ƙwadago ma haka take duba lamarin: wa ke iko da lokaci da kayan aiki da salon aiki. Kowa ya binciki dokar inda yake. Ku kuma tambayi masu inshorarku ko ta shafi ɓarnar da wani mai zaman kansa ya yi da sunanku, tawa ba ta shafa ba. Da na sake karanta kwangilar ma sai na ga sharaɗin cewa ba a miƙa aikin ga wani sai da izininsu a rubuce.

Don haka na ɗauki wani matashi, kwana uku a mako, biyu na aiki ɗaya na koyo. Mako uku ke nan. Ya iya raba tsummoki bisa launi, ya san a fara da tayoyi sannan a sauko daga rufi zuwa ƙasa, ya san ninka tsumma gida huɗu don ya sami fuska takwas masu tsabta. Ya daina wanki a kan bodi mai zafi, domin ya ga yadda sabulu ke bushewa ya bar tabo. Har yanzu yana danna hannu da yawa wajen tsane ruwa, muna kan gyarawa. Injin goge fenti kuwa bai taɓa shi a kan motar kowa ba, na samo masa tsohon murfin mota yana gwaji a kai.

Jingar ma ban watsar da ita ba. Wankin kujeru na bayan wata uku na ba wani mai injin tururi da na tsotse ruwa, da izinin kamfanin a rubuce, bayan na ga takardar inshorarsa. Wannan aiki ne da ido da hanci ke tantancewa nan take: tabo ya fita ko bai fita ba, kujera ta bushe ko tana warin danshi.

Saura matsalar ruwa. Mako mai zuwa zan gwada sabulun nan da ba ya buƙatar ɗauraya a kan motocin da ba su yi datti sosai ba, in haska su da tocila kafin da bayan wanki. Wanda ya taɓa amfani da shi a kan baƙar mota, don Allah ya faɗa mini tsumma nawa yake ci.