'Yan kunnen Auta

'Yan kunnen Auta suna cikin jakata har yanzu. Sai da na dawo gida ina laluben makulli na ji su a hannuna, na zauna bakin gado na kasa tashi.

Da safe har dariya muka yi. Jaririn ya buɗe ido sosai, Umma tana ta cewa hancin Baba ne, Auta tana musu daga kwance. Can sai ta ce, "Yaya, bibbiyu nake ganinki." Kwana bakwai ke nan tana kukan ciwon kai, tun kwana uku da haihuwa, kuma ni ce nake ta ce mata rashin barci ne, ta sha magani ta kwanta. Shekaranjiya da aka yi mata hoton CT, mai nuna cikin kai, aka ce ba a ga komai ba, har na ce mata, "Kin gani ko?"

Likitan yau da ya haska cikin idonta bai yi dogon bayani ba, ya rubuta a yi mata wani hoton ƙwaƙwalwa, MRI, da gaggawa. A ƙofar ɗakin aka sa ta cire duk wani ƙarfe saboda maganaɗisun na'urar, ta miƙo mini 'yan kunnen. Kusan minti arba'in ina jin ƙarar na'urar ta bango, kamar ana buga guduma.

Maganata da likitan ce ta hana ni barci. Ya juyo mini fuskar kwamfuta ya ce in duba tsakiyar kai, daga goshi zuwa ƙeya. Akwai babbar jijiya a wurin da ke kwashe jinin da ƙwaƙwalwa ta gama amfani da shi ta mayar da shi zuciya. A hoton Auta wurin ya yi fari fat. Da ya buɗe ɗaya hoton, wanda ya kira MRV, mai nuna inda jini yake gudana kaɗai, sai ga hanyar ta yanke a daidai wurin. Gudan jini ne ya toshe ta. Jini na shiga, fita ta yi masa wuya, shi ya sa kan yake kamar zai tsage, shi ya sa ganin ya rikice.

Na ce, "Likita, to yaya hoton farko bai nuna ba?" Ya ce CT da ba a sa ruwan allura ba yakan fito lafiya lau a yawancin masu wannan ciwon. Ko MRI ɗin ma, a kwanaki biyar na farko gudan jinin kan saje da jinin da ke tafiya, sai daga baya yake yin haske. Shi ya sa suke haɗa hotunan biyu. Ya nuna mini jijiyar gefen hagu, siririya, ta dama ta fi ta kauri, ya ce in kwantar da hankalina, mutane da yawa haka aka halicce su, amma wanda bai saba karanta hoton ba zai iya ɗauka ita ma ta toshe.

Sai na tambaye shi abin da ke cina. Da na kawo ta tun ranar farko fa? Ya yi shiru kaɗan, ya ce ciwon ba shi da yawa, bai wuce kashi 1 cikin 100 na masu shanyewar ɓarin jiki ba, kuma kusan 9 cikin 10 na masu shi ciwon kai ne ke kawo su, wanda kowace mai jego tana iya yi. Ya ce makonnin bayan haihuwa jini ya fi saurin daskarewa, don haka sabon ciwon kai da ke ƙaruwa kullum a wannan lokacin ba abin jira ba ne. Bai ce laifina ne ba. Amma ni na san bakina ne ya ce ta kwanta.

An fara mata allurar hefarin, mai hana jini daskarewa, da yamma. Bayanta kuma ƙwayoyin tsinka jini, aƙalla wata uku. Yawanci suna warkewa, in ji shi, alhamdu lillahi.

Umma ta ƙi barin asibitin. Baban yara ya ɗauko su daga makaranta, ban ma tambayi aikin gidansu ba. Wayata ta mutu tun la'asar.

Da zan fito Auta ta riƙe mini hannu ta ce, "Yaya, fitilar nan tana damuna." Na kashe mata. Gobe da sassafe zan koma, da 'yan kunnenta.