Wa Ke Riƙe da Wayar? Abin da Na Gani a Guruf ɗin Iyayen Ajina

Ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare mai zaman kanta a cikin birnin Kano. Kafin 2020 hanyoyinmu da iyaye sanannu ne: a ninke takarda a sa a jakar yaro, a jira taron PTA, wato na iyaye da malamai, na ƙarshen zango, in abin ya yi ƙamari a ce wa yaro gobe ya zo da babansa. Da korona ta zo aka rufe makarantu a ƙarshen watan Maris, sannan dokar kulle ta biyo baya a Afrilu, sai duk waɗannan hanyoyi suka toshe lokaci guda. Shugabar makarantarmu ta ce kowane malamin aji ya buɗe guruf a WhatsApp, ya kwashe lambobin da ke cikin fom ɗin rajista ya zuba. Aka koma aji a watan Oktoba, amma guruf ya zauna daram har yau.

Abu na farko da ya bayyana shi ne lambobin fom kusan duk na iyaye maza ne. Su suka zo da yaran ranar farko, su suka cike takarda, su ke biyan kuɗi. To amma uban da ya fita Kantin Kwari ko Singa tun takwas na safe, ko wanda ya yini yana jan Adaidaita Sahu, yaushe zai buɗe saƙon jingar lissafi? Yana dawowa bayan isha'i, yaro ya yi barci, waya kuma ba caji. Wadda ke zaune da yaron, ta san ya ci ko bai ci ba, ta san ya kwana da zazzaɓi, ba ta cikin guruf ɗin kwata-kwata.

WhatsApp yana nuna wa mai saƙo waɗanda saƙonsa ya isa gare su da waɗanda suka buɗe, in saƙon murya ne har da waɗanda suka saurara. A guruf wannan bayani yana fitowa ko da mutum ya kashe shuɗin maki a wayarsa. Na riƙa duba wannan jeri, ina gwada shi da rajistar ajina. Abin da na gani ya dame ni ƙwarai: yaran da suka fi buƙatar a tallafa musu a gida, su ne saƙona ba ya kai wa gidajensu. Waɗanda ke amsawa da "Mun gani, Malama, Allah ya saka" cikin minti biyar, 'ya'yansu dama suna kan gaba a aji.

Sai na fara tambayar yaran da kansu, ɗaya bayan ɗaya, wa ke duba musu littafi a gida. Amsoshin sun bambanta. Wani yayarsa ce da ke sakandare, wata kakarta ce ke riƙonta, wani kuma ƙanin babansa da ke ɗakin zaure. Daga nan na bi ta wajen iyaye maza, don ba zan ɗauki lambar matar mutum in jefa ta a guruf ba da saninsa ba. Wani Alhaji ya gaya mini kai tsaye: "Malama, ban ƙi ki riƙa magana da uwarsu ba, ke mace ce, ku kuka fi kusa. Amma wurin da kowane ƙato zai ga lambarta, ban yarda ba." Kuma yana da gaskiya, domin duk wanda ke cikin guruf yana ganin lambar kowa. Mafitar da na samu ita ce jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda, wanda kowa ke karɓar nasa shi kaɗai kamar ni da shi muke magana. Sharaɗinsa ɗaya ne: sai mutum ya ajiye lambata a wayarsa, in ba haka ba saƙon ba zai shiga ba. Wannan na koya wa uwaye a bakin get, wasu ma ni nake karɓar wayar in ajiye musu da hannuna.

Rubutu ma ya zame shinge. Makaranta ta fi son a yi sanarwa da Turanci, wai ya fi nuna aji. Ni ban ga amfanin sanarwar da sai an jira ɗan shekara takwas ya fassara wa uwarsa ba, alhali wani lokacin ƙararsa aka kai a ciki. Na koma saƙon murya da Hausa, gajere, ba ya wuce minti ɗaya. Ina yin sallama, in faɗi ranar, in faɗi abin da ake so, shafi kaza lamba kaza, in maimaita sau ɗaya. Nan take muryoyin da ban taɓa ji ba suka fara dawowa. Wata baiwar Allah ta turo mini nata, ana jin ƙarar injin markaɗe a bayanta da kukan jariri, tana cewa: "Malama, don Allah ki yi haƙuri da shi, ba ƙiwa ba ce. Da asuba yake raka ni kai niƙa, shi ya sa yake gyangyaɗi a aji." Na daɗe ina tunanin yaron nan ba ya son karatu ne. Muka yi shawara da ita, ta ɗauke masa zuwa asuba a ranakun makaranta, ni kuma na dawo da shi bencin gaba. Wannan bayani ba zai taɓa fitowa a taron PTA ba, inda mutum ke jin nauyin ɗaga hannu a gaban jama'a.

Akwai kuma masu ƙaramar waya, mai tocila, kuma ba kaɗan ba ne. Su sai kira ko tes. A nan na gano wani abu da ya ci mini kati kafin in fahimta: tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, a caje ka kuɗin saƙo biyu ko uku, wata wayar ma ta nuna akwati a madadin harafin. Don haka a tes kaɗai nake rubuta waɗannan haruffa ba tare da ƙugiyarsu ba. Wasu uwayen mun yi yarjejeniya da su, in suna da magana su yi mini fulashin, in na tashi daga aji in kira.

Guruf ɗin kansa ya sha fama. Da farko kowa na iya turo abin da ya ga dama: barka da Juma'a, tallar atamfa da turaren wuta, bidiyon siyasa, labarin an sace yara a unguwa kaza wanda ba wanda ya san tushensa. Sanarwar jarrabawa sai ta nutse a tsakiya. Muka mayar da shi sai admin kaɗai ke turawa, mai tambaya ya same ni a gefe. Wasu sun ji haushi, amma ba a daɗe ba aka saba.

Abin da na tsaya a kai da ƙarfi, har muka yi sa-in-sa da wasu abokan aiki, shi ne ba a kiran sunan yaro da laifi a guruf, ba a kuma lissafa waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba. Na ga an yi haka a wani aji, an jera sunaye da abin da ake bin kowa. Uban da aka tozarta a gaban maƙwabtansa ba zai huce a kan makaranta ba, a kan yaron zai huce, ko ya cire shi. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, da kowa ya koma tiransifa, iyaye suka riƙa jefa hoton risit a guruf da sunansu da lambar asusunsu a fili. Na roƙe su su riƙa tura wa mai karɓar kuɗi kai tsaye. Hotunan yara ma haka. Ranar wasanni ko saukar hadda kowa na son ganin ɗansa, amma hoton da ya shiga waya hamsin ya fita daga hannunka. Ina tambayar izini tun farkon shekara, wanda ya ce a'a ba na sa ɗansa.

Duk da haka akwai maganar da ba ta waya ba ce. In na ga yarinya ta yi shiru fiye da yadda na san ta, ko na ga tabo a jikin yaro, ko ya yi sati bai zo ba kuma ba a ɗaga kira, sai in nemi izinin shugaba in je gidan. Zuwa da kai ya fi aike. A tsakar gida, kan tabarma, uwa za ta gaya maka abin da ba za ta taɓa naɗa a waya ba, tunda ba ta san hannun da saƙon zai faɗa ba, wayar ma sau da yawa ba tata ba ce ita kaɗai.

Lambobi kuma ba sa zama. A 2024 da aka yi ta rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba, gidaje da dama suka ɓace mini ba sanarwa. Tun daga lokacin, a makon farko na kowane zango ina aika 'yar takarda gida da tambaya uku: wa ke duba karatun yaro, wace lamba ce tasa, babbar waya ce ko ƙarama.

Saura batun malami da kansa. Duk wannan aiki da wayata na riƙa yin sa, da datata, da katina. A Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6, albashin malamin makarantar kuɗi kuwa kowa ya san yadda yake. Ga kira ƙarfe goma sha ɗaya na dare ana tambayar ko gobe da yunifom ɗin wasanni za a zo. Na sanar da iyaye cewa ina amsa saƙo daga la'asar zuwa magariba, sai dai in rashin lafiya ne, kuma mafi yawansu sun mutunta hakan. Na kuma kai wa masu makaranta buƙata a rubuce: a ware wa kowane aji layinsa, a sa kuɗin data cikin kasafin zango kamar yadda ake sa alli da rajista, domin ranar da malami ya bar aiki kada ya tafi da lambobin iyaye da sirrin gidajensu a aljihunsa. Sun amince da rabi, ana ba mu kuɗin data a farkon wata. Maganar layin aji an ce sai an zauna da kwamitin PTA a zango mai zuwa, kuma na riga na nemi a sa ni cikin masu bayani.