Akori-kura da mai ita, da ni bakanikensu

Ranar Laraba da la'asar ba a samun masaka tsinke a garejina. Gobe Alhamis kasuwar Maigatari, kuma sai a ranar ne kowane mai akori-kura yake tuna cewa motarsa na da ciwo. Wanda birkinsa ya yi sati uku yana kuka, da wanda lagireto ke yi masa ɗigo tun kaka, duk sai su taru ƙarƙashin darbejiyar nan, kowa yana cewa nasa aikin na minti biyar ne. Ni dai ban taɓa ganin aikin minti biyar a jikin motar da ta girmi direbanta ba.

Garejin yana bakin titin da ya tashi daga Gumel, ni da yara huɗu da mai walda ɗaya. Ba ma taɓa motocin zamani masu kwamfuta. Abin da muka sani shi ne tsohuwar akori-kura: Fijo 404 da 504, da Hilux ta da, mai kafireto ko mai shan gas. Su ne ke shiga jigayin nan su fito da riɗi da zoɓo da gero, su ɗauko awaki da tumaki, su kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Inda ƙaramar mota za ta kafe a rairayi har a nemo shanu, nan tsohuwar 504 take wucewa tana gurnani.

A Kano na koyi sana'ar, can wajen Ƙofar Ruwa. Ina ɗan shekara 14 mahaifina ya damƙa ni a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ce masa, "Malam, ga shi nan, nama naka ƙashi nawa." Sai da na yi kusan shekara biyu ban kwance noti ko ɗaya ba. Aikina wanke kayan inji da kananzir a cikin rabin jarka, da miƙa sifana. Yana kwance a ƙarƙashin mota zai miƙo hannu kawai, ba zai faɗi lamba ba. In Fijo ce, ka san 11 da 13 da 17 zai nema. In Toyota ce, 10 da 12 da 14. Ka miƙa wadda ba ita ba, ta dawo maka ta sama. A lokacin ina ganin mugunta ce. Yanzu daga nesa nake kallon kan noti in faɗi lambarsa, kuma yarana ma haka nake yi musu, sai dai ni ba na jifa.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da ya fara bar mini injin 504 ni kaɗai. Na cire tof silinda, wato kan injin, lafiya, sai rawar kai ta sa na kama fuli na juya injin don in ga yadda fistan ke hawa da sauka. To injin Fijo ba kamar na Toyota ba ne. Silif ɗinsa, wato bututun da fistan ke hawa da sauka a ciki, zaunar da shi aka yi, ruwa na zagaye shi, kan injin ne ke danne shi. Da ka juya babu abin da ya riƙe shi, sai ya ɗaga, abin da ya toshe gindinsa ya saki. Na mayar da komai ban faɗa wa kowa ba. Washegari mai motar ya dawo, ruwa ya shiga baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Maigida bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Kai yaro, sauke shi." Kwana uku na yi ina warware injin nan har gindi, ni kaɗai, yana zaune kan benci yana cin goro. Har yau kafin in ɗaga kan injin Fijo sai na tanadi ƙarafan da zan danne silif da su.

Fijon nan tamu ce ta gida. A Kaduna aka riƙa harhaɗa ta tun 1975, kuma an ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, lokacin da Faransa ta daɗe da mancewa da ita. Shi ya sa har yanzu in ka san inda za ka shiga a Ƙofar Ruwa za ka samu kayanta. Matsalar ita ce wane iri za ka samu. Kwali ya fi na asali kyau, rubutu ya fi na asali sheƙi, ka buɗe ka tarar da gasket kamar an yanko shi daga kwalin taliya. Na taɓa ɗaura wani a Hilux ɗin wani bawan Allah, bai kai Gujungu ba ya ƙone. Wa aka zaga? Ba mai shagon ba, ni. Tun daga nan ni da kaina nake zuwa saye, in riƙe abu a hannu in ji nauyinsa. Sau da yawa tsohon ƙarfe ɗan Beljiyam ya fi sabon jabu sau goma.

Abokan sana'a suna ganin wautata saboda ina koya wa masu mota gyara. Wai ina kashe wa kaina kasuwa. Ni kuwa abin da na gani shi ne, mutumin da motarsa ta mutu a dajin da babu ko sabis na waya, ba bakanike yake buƙata ba, hannunsa yake buƙata. Don haka duk wanda ya kawo mini mota ba na barinsa ya tafi shan shayi. Sai in ce, "Alhaji, matso ka gani." In buɗe masa distiributa in nuna masa kwantak, ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don ba fulogi wuta, da yadda ake goge bakinsa da 'yar takardar yashi, a bar masa tazarar milimita 0.4. In babu ma'auni, bangon kwalin ashana zai kai ka gida. In cire fulogi in sa ya karanta shi da kansa: in ya yi ja-ja kamar ƙasar tukunya, inji lafiya lau, in ya yi baƙi da toka-toka, kafireto na ba shi mai fiye da kima, in ya jiƙe da baƙin mai, to ringi ya gaji, wannan kuma nawa ne. Wayoyin fulogi 1-3-4-2 suke bi, in sa ya maimaita har ya zauna masa. Sai kuma iyakilina, wato matatar iskar da inji ke shaƙa. A ƙurar hunturun nan tamu, wanda bai kakkaɓe ta duk sati ba yashi yake ɗura wa injinsa, kuma wasu don wayo cire ta suke yi gaba ɗaya wai mota ta samu numfashi.

A damina ta 2022, da ruwa ya cinye hanyoyi wajen Haɗeja da Ringim, wani direba da na koya wa ya faɗa kwari da lodin shinkafa, inji ya sha ruwa ya mutu. Bai sake taɓa makulli ba. Da aka jawo shi tudu, ya cire fulogi huɗun, ya juya inji ruwan ya yi feshi waje, ya juye man ya zuba sabo. Motar nan tana nan tana aiki. Wani da suka faɗa tare ya yi ta murza makulli har sandar fistan ta lanƙwashe.

Amma akwai gyaran gida da nake roƙon mutane su bari, don Allah. Man birki ya ƙare, sai a kaɗa garin sabulu a ruwa a ɗura. Ranar farko zai kama, bayan wata ɗaya robobi sun lalace, tsatsa ta ci ciki, kuma ruwa in ya yi zafi tafasa yake, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa. Tanki ya huje, sai a ɗaure jarkar fetur a saman mota a zuro tiyo ta taga, ga fasinja yana busa sigari. Lagireto na yoyo, a fasa masa ɗanyen ƙwai ko a zuba garin barkono. Ramin zai toshe, haka ma hanyoyin ruwan, sai a zo a ce mini mota na zafi ba dalili. Na tsaga lagireto na sha ganin abin da ko a tukunyar miya ba a gani ba.

Babban abin da ake zuwa nema wurina daga nesa shi ne ƙarin sifirin da ɗaura keji. Akori-kura an yi ta ne don kamar tan ɗaya, wato buhu 10 na hatsi. Mu nan kowa ya san abin da ake ɗora mata ya ninka haka. Mai mota zai zo ya ce a ƙara masa ganye biyar a kowane gefe. Ni ba na wuce biyu, kuma sai na ƙarƙashin babban ganyen, in yanke su tsawo daki-daki yadda nauyi zai rabu, in canja santa bol da yubol sababbi, ba in miƙe tsofaffi da wuta ba. Wanda ya cika ganye ya mayar da sifirin gungume. Duk ramin da ya faɗa, shasi ne zai sha dukan, kuma daidai bayan kai yake tsagewa. Sifirin kuma ba ya ƙara wa boris ƙarfi, ba ya ƙara wa birki. Keji kuwa da bol muke ɗaure shi, ba ma bin shasi da walda barkatai. Akwai masu yi a rabin kuɗina da ƙarfen gado. Ayyukansu ma wurina suke ƙarewa.

Aikin da na fi alfahari da shi wata 504 ce da injinta ya fashe, bodi kuwa garau. Muka ɗora mata injin Toyota 22R da giyarsa. Sai da muka ƙera mazaunin inji sau biyu kafin ya zauna daidai, muka kai furofela, sandar da ke juya tayoyin baya, Kano aka rage ta a kan injin tani mai sassaƙa ƙarfe don kada ta riƙa rawa, na saita bawul da zafinsa, tazarar milimita 0.20 na shiga, 0.30 na fita. Kafin in rufe na duba robar da sarƙar tayimin ke bi, domin a 22R in ta cinye, sarƙar kan goge murfi har ta huda hanyar ruwa. Sati uku muka yi. Da mai ita ya zo ɗauka, ya zagaya ta, ya tayar, ya saurara, sannan ya dube ni ya ce, "To Malam, ai ba wani abu ka saya ba, hannu ne kawai. A rage mana." Na ce, "Ranka ya daɗe, hannun ne ai ba a sayarwa a Ƙofar Ruwa." Sai da muka kai magariba muna ja-in-ja, ƙarshe ya bar ni da alkawarin buhun gero in an yi girbi.

Geron bai iso ba tukuna, amma motar duk Alhamis da asuba tana wucewa ta gaban gareji, da raguna har saman keji, ya danna mini ham sau biyu. Yanzu haka akwai wata 404 a ƙarƙashin bishiya da aka jawo daga wani ƙauye da igiyar rijiya, kaji sun yi shekaru suna ƙwai a kujerarta. Jiya na zuba wa silindodinta gas don su jiƙa. In fistan ya saki zuwa Asabar, za mu ji muryarta.