Laraba: muzuru, karya da tambayar ɗaliba

Na dawo gida bayan duhu ya shiga, yatsuna suna tsami saboda riƙon almakashi da allurar ɗinki, amma ina so in rubuta abin da ya faru yau tun bai dushe mini ba. Shekara tara ke nan ina aikin likitar ƙananan dabbobi, wato karnuka da kyanwoyi da zomaye da tsuntsayen gida, kuma yau wata ɗaliba ta yi mini tambayar da na daɗe ban yi wa kaina ba.

Ko jakata ban ajiye ba aka shigo da wani muzuru. Mai shi ta ce tun jiya yake yawan tsugunawa yana kuka ba tare da komai ya fito ba, ita kuwa ta ɗauka cikinsa ne ya ɗaure. Da na taɓa mararsa sai na ji mafitsara ta cika ta yi tauri. Wannan larura ta fi kama mazan kyanwoyi, domin hanyar fitsarinsu doguwa ce kuma tsukakkiya, 'yar tsakuwa kaɗan ta isa ta toshe ta. Idan fitsarin bai fita ba, sinadarin fotasiyam yana taruwa a jini har ya rage bugun zuciya, dabbar kuma tana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Muka sa masa ƙarin ruwa, muka yi masa allurar barci, na zura siririyar roba a hankali har fitsari mai haɗe da jini ya fara gangarowa. Matar ta gaya mini cewa saura kaɗan ta ba shi farasitamol da daddare, sai ta fasa. Na yaba mata ƙwarai, saboda hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani kamar hantar mutum, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Da hantsi muka shiga tiyata ni da babban likitanmu. Wata karya ce mai shekara takwas da mahaifarta ta cika da mugunya, makonni shida bayan ta gama lokacin barbara. Ta daina cin abinci, sai yawan shan ruwa da kasala. Maganin da aka fi dogara da shi a irin wannan hali shi ne a cire mahaifar da ƙwayayen haihuwa gaba ɗaya, kuma wahalar aikin ita ce a ɗago mahaifar da ta kumbura ba tare da ta fashe a cikin ciki ba. Na sha ganin hannun wannan dattijo a kan aiki, amma har yau yana ba ni sha'awa. Ba ya sauri, ba ya kuma maimaita motsi. Ya fi shekara talatin a wannan sana'a, kuma duk wanda ya san shi ya san cewa idan ya tashi aiki, gyaran tsofaffin agogunan hannu ne abin da yake yi. Ya taɓa ce mini agogo ne ya koya masa riƙe numfashi a lokacin da yake ɗaure jijiyar jini, kuma ban ga alamar wasa yake yi ba.

Muna wanke hannu ne ɗalibar da take sanin makamar aiki a wurinmu ta matso kusa da ni. Ta ce, "Likita, idan mutum ya gama makaranta, wace hanya ce ta fi dacewa ya bi? Sannan ke me kike yi idan ba kya asibiti?"

Tambayar farko ba ta ba ni wahala ba. Na gaya mata cewa yawancinmu muna zama likitocin da ke duba duk abin da ya shigo ƙofa, daga rigakafin 'yan kwikwiyo zuwa haƙoran zomo, waɗanda ba sa daina tsiro muddin yana raye. Wanda yake son ƙwarewa a fanni guda, kamar ido ko zuciya ko fata ko ƙashi, yakan ƙara shekara ɗaya yana zagaya sassan babban asibiti, sannan kimanin shekara uku a ƙarƙashin ƙwararre, sannan jarrabawa mai tsanani. Wasu daga cikin waɗanda muka yi karatu tare suna koyarwa, wasu suna ɗakin gwaje-gwaje suna duba jini da tsoka, wata kuma ta koma aikin lafiyar al'umma tana yaƙi da ciwon haukan kare, wanda ake ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara, akasarinsu ta hanyar cizon kare. A ganina babu hanyar da ta fi wata daraja, sai dai na gargaɗe ta kada ta zaɓi ƙwarewa don suna kawai, domin wanda ya ƙware a ido zai yi shekaru yana kallon ido, kuma dole ya kasance yana son hakan da gaske.

Babban likita ya sa baki daga inda yake cire safar hannu. Ya ce, "'Yata, ki tuna cewa ita kanta sana'ar daga sha'awa ta faro." Gaskiyarsa ne. Claude Bourgelat, wanda ya kafa makarantar likitancin dabbobi ta farko a birnin Liyon na Faransa a 1761, mutum ne mai koyar da hawan doki, kuma dawakai da shanu ne suka fi damun makarantun farko. Sai da mota ta karɓe aikin doki a ƙarni na 20 karnuka da kyanwoyi suka zama babban ɓangare na aikinmu.

Tambaya ta biyu ce ta tsaya mini a rai. Na buɗe baki in ce ina zane, sai na tuna cewa rabona da fensir ya kai shekara uku. Da zane na ci darasin sassan jiki a jami'a: ina da littattafai cike da ƙasusuwan ƙafar kare da ƙoƙon kan kyanwa, kowanne na zana shi sau da yawa har hannuna ya haddace shi. Daga baya aikin dare da kiran gaggawa suka cinye lokacin, ni kuma na bari suka cinye. Ma'aikaciyar jinyarmu tana fita kallon tsuntsaye da asuba a ranar hutunta, ɗaya abokin aikinmu kuma yana gudun dogon zango. Na daɗe da lura cewa su ne suke shigowa ranar Litinin da sakin fuska. Na dai ce wa ɗalibar, "A da ina zane," ita kuwa ba ta ƙara tambaya ba.

Da la'asar aka kawo wani tsohon kare da na shekara shida ina dubawa, ƙodarsa ta gaza, kwana uku ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Na zauna da mai shi na faɗa masa gaskiya, cewa babu sauran abin da magani zai yi sai ƙara wa dabbar wahala. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya amince a hutar da shi, wato a kawo ƙarshen rayuwarsa ba tare da wahala ba, ya riƙe kan karen har aka gama. Wannan ɓangare na aikin ba a saba da shi, kuma ba na fatan in saba. Minti goma bayan haka ina ɗakin da ke kusa ina yi wa 'yar kyanwa allurar rigakafi, ina murmushi ga yaron da ya rungumo ta.

Da na shigo gida na ɗauko ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan zanena daga ƙasan akwati, na sami shafi fari a can ƙarshe. Na zana ƙafar muzurun nan ta gaba kamar yadda na bar ta, a naɗe da bandeji, robar ƙarin ruwa tana fitowa daga ciki. Hannuna ya yi nauyi da farko, sai da na goge sau uku kafin gaɓar ta zauna daidai. Ina cikin yi mai jinyar dare ta kira ta ce fitsari yana zuba a jaka, ya fara washewa, muzurun kuma ya ɗaga kai ya lashi ruwa. Gobe da safe zan sake auna jininsa kafin in yanke shawarar lokacin cire robar fitsarin, kuma na sa littafin a jakata domin in nuna wa ɗalibar.